"Wani bawan Allah" ma yana da suna

Watan jiya na yi kwana uku a barandar wani asibiti. Ƙanwata ce haihuwa ta zo mata da gardama. An samu jaririya lafiya, ita kuma uwar jini ya ɓalle mata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wata nas ta leƙo ta ce, "Ina 'yan'uwanta? A nemo jini yanzu-yanzu." Aka gwada ni, aka gwada mijinta, aka gwada wani ɗan baffanmu, babu wanda ya dace. Jininta irin wanda ake ce wa O negetif ne, masu shi ba su da yawa, kuma a daren ko leda ɗaya babu a ma'ajiyar asibitin.

Na tura saƙo a zauren WhatsApp na unguwarmu, wani ya tura gaba, wani ma ya ƙara turawa. Ƙarfe ɗaya saura sai ga wani saurayi ya shigo yana waige-waige, rigarsa duk ƙaurin hayaƙi. Mai shayi ne, ya bar wa yaronsa tebur ya taho. Ya ce, "Malam, ku ne masu neman jini?" Aka shiga da shi, aka gwada, aka ɗiba. Da ya fito yana danne auduga a gwiwar hannu na ja shi gefe na dunƙule 'yan kuɗi zan sa masa a aljihu. Ya ja da baya. "Haba Malam, sayar maka zan yi? Allah dai ya ba ta lafiya." Lemon kwalba ɗaya ya yarda ya sha, yana dariya wai shi da yake haɗa wa mutane mai kauri yau ga shi ana ba shi ruwan zaƙi. Daga nan ya tafi.

Da safe dangi suka cika baranda, kowa na tambayar wa ya ba da jinin. Amsar da ta yi ta yawo ita ce, "Wani bawan Allah ne."

A rana ta uku, ina jiran a sallame mu, aka kafa rumfuna a harabar asibitin, aka jera kujerun roba, aka kunna lasifika. Wani attajiri ne ya kawo gadaje da injin ba da wuta. Mai gabatarwa ya jero sarautunsa da lambobin yabonsa har numfashinsa ya kusa ɗaukewa, aka yanka kyalle, aka yaye allo mai ɗauke da sunansa. Wani dattijo da ke jinyar ɗansa kusa da ni ya tsuke baki ya ce, "Duk riya ce. In don Allah ya yi, me ya kawo 'yan jarida?"

Abu biyu suka tsaya mini a rai tun ranar. Na farko, asibitin da ya iya kafa rumfa don mai gadaje bai iya buga wa mai shayi waya ya ce an gode ba. Na biyu, maganar dattijon nan, wadda na san rabin masu karanta wannan rubutu za su ce gaskiya ya faɗa.

Ni ban yarda ya faɗi gaskiya ba. Ra'ayina shi ne a yaba wa duk wanda ya taimaki asibiti, a fili, da sunansa, sai fa in shi da bakinsa ya ce a sakaya. Attajirin ya cancanci allonsa. Aibinmu shi ne godiyarmu ta san hanyar gidan mai kuɗi kaɗai, ba ta san teburin mai shayi ba. Kalmar "wani bawan Allah" kuwa mun mayar da ita mayafin rufe sakacinmu. Akwai wanda ya roƙa a ɓoye sunansa don neman lada, akwai kuma wanda ba a ma damu a tambayi sunan nasa ba, duk mun haɗa su a kwando ɗaya.

"Ai sadaka a ɓoye ta fi lada"

Haka ne, babu musu. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce ɓoyewar ta fi alheri. Amma a karanta ta daga farko: cewa ta yi in kun bayyana sadakokin, madalla da hakan. Ba ta kira bayyanawa laifi ba. Kuma duk maganar da mai bayarwa ake yi. Shi ne aka ce ya tsare niyyarsa, shi aka hana gori. Mu masu karɓa umarninmu daban ne, kuma ko yaron makarantar allo ya san shi: wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Ikhlasi aikin zuciyar mai kyauta ne, godiya kuwa bashi ce a wuyan wanda aka yi wa. Mun ɗauki nauyin da ke kansa mun fake da shi don mu sauke wanda ke kanmu.

Maganar dattijon baranda ma tsohuwa ce. Bukhari ya ruwaito daga Abu Mas'ud cewa da aka umarci Sahabbai da sadaka, wasunsu har dako suke yi don su sami abin bayarwa. Wani ya kawo dukiya mai yawa, munafukai suka ce riya ce. Wani ya kawo ɗan awon abin da ya samu, suka ce Allah ba ya bukatar wannan. A kan haka aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka. Ka lura, baki ɗaya ne ya soki mai yawa ya kuma raina mai kaɗan. Ba ina cewa dattijon nan munafuki ba ne, Allah ya kiyaye. Mutum ne da jinya ta gajiyar, aljihunsa ya ƙare, yana ganin ana rabon lemo a rumfa. Amma ɗabi'ar ce ya kamata mu ji tsoro, domin ita ce dai take sa mu kallon ledar jini ɗaya kamar ba komai ba.

Akwai kuma ranar da matalautan ƙabilar Mudar suka iso Madina ba takalmi ba suturar kirki. Annabi (SAW) ya yi kira a taimaka. Wani mutumin Madina ya taso da jakar da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, a gaban kowa, sai mutane suka biyo bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Muslim ne ya ruwaito. Da mutumin nan ya lallaɓa da dare ya ajiye, ladansa na nan, amma tsibi biyun fa?

Ɗan Adam da gani yake koyi. Attajiri ya ga sunan takwaransa a jikin ginin wankin ƙoda, gobe shi ma ya tambayi abin da ɗakin yara ke bukata. Ko da kishi ne ya taso shi, marar lafiyar da aka ɗora a kan injin ba ruwansa da abin da ke zuciyar wanda ya saya. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

"Rubuta suna a bango al'adar Turawa ce"

Wannan ba ya bukatar dogon zance. Asibitin da Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙa a 1154 da sunansa aka san shi har yau. Wanda Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, ya kuma tsayar masa da wakafin da zai ciyar da shi, shi ma haka. Alhazai sun san Ainu Zubaida, ruwan da matar Haruna Rashid ta jawo wa Makka. Mu nan ma, masallatai nawa ne a garuruwanmu da ba a san su da wani suna ba sai na wanda ya gina? Ba mu taɓa jin an ce a kankare ba.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai cibiyar wankin ƙoda da marigayi Alhaji Aminu Dantata ya bayar, tana ɗauke da sunan mahaifinsa Alhassan. Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon ƙoda ya san abin da injin nan yake nufi ga iyali: sau biyu ko uku a mako, awa huɗu a kwance, in an fasa jiki ya kumbura. Wanda ya ga wannan ba zai tsaya yana jin haushin suna a bango ba. Zai yi wa mai sunan addu'a ne, kuma ai don haka aka rubuta.

Wanda ya ba da abin da ba a saya a kanti

Kuɗi suna sayen gado, suna sayen janareta, suna gina ɗakin tiyata. Jini kuwa har yau babu masana'antar da ke yin sa. Sai dai wani ya kwanta an soka masa allura an ɗebi kusan rabin lita daga jikinsa. Kuma ba ya ajiyuwa kamar hatsi a rumbu. Bayan mako biyar ko shida a firji ya tashi daga aiki. Ke nan ma'ajiyar jini ba ta cika sau ɗaya a huta, kullum sai an zuba.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya nuna mata kusan 75,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini na sahun gaba a abin da ke kashe su. Ƙara da masu sikila, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini a damina, da waɗanda ake kwasowa daga hatsarin mota. Duk waɗannan jira suke wani ya miƙa hannu.

To wa ke miƙawa? Akasari dangi ne, a ranar da abin ya faru, cikin firgici. In dangi sun gaza sai a koma wa samarin da ke rakuɓe a bakin ƙofar asibiti suna jiran ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don ransa, ba da biya ba, wanda kuma yake dawowa a kai a kai. Dalilin a fili yake: mai sayarwa yana da dalilin ɓoye ciwonsa, yana da dalilin zuwa kafin jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Mai kyauta ba shi da ko ɗaya.

Irin wannan mutum ba a tsintarsa a hanya, renonsa ake yi. Namiji lafiyayye zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Mai shayin nan, da jininsa mai wuyar samu, zai iya ceton mutum huɗu a shekara. Amma sai in akwai wanda ya riƙe lambarsa, ya kira shi bayan kwana biyu ya ce yaya jiki, ya gaya masa wadda ka bai wa ta tashi. A Stockholm ta ƙasar Suwidin, in aka ƙara wa wani jininka sai saƙo ya shigo wayarka cewa an yi amfani da shi. Nawa ne kuɗin saƙon tes? Bai kai kuɗin hayar kujera ɗaya a rumfar da na gani ba.

Bayan haihuwar an ce mu sayo wa ƙanwata wata allura mai tsada da ake yi wa mata masu jini negetif, don kada jikinsu ya yaƙi cikin da zai biyo baya. Daga jinin mutane ake haɗa ta. A Ostireliya akwai wani mutum, James Harrison, wanda aka yi wa babbar tiyata a ƙirji yana ɗan shekara 14 aka ƙara masa jinin mutanen da bai sani ba. Da ya girma ya ce sai ya rama. Aka gano jininsa na ɗauke da sinadarin da ake yin wannan allura da shi, ya yi ta bayarwa har sau 1,173 kafin ya daina a 2018 saboda shekaru. Ƙasarsa ta ba shi lambar girma tun yana raye, kuma da ya rasu a farkon 2025 duniya ta ji. Ba attajiri ba ne. Sun dai riƙe lissafi ne, shi ya sa muka san adadin har da ukun da ke kai. Mu a nan, wanda ya bayar sau talatin, wa ya ƙirga masa?

Wani zai ce in aka fara karrama masu ba da jini, an buɗe ƙofar biya ta bayan gida. Tsoron yana da tushe, shi ya sa ban ce a ba su kuɗi ko buhun shinkafa ba. Takardar yabo ba ta sayuwa a kasuwa. Kati mai nuna sau nawa mutum ya bayar, da alƙawarin cewa ranar da matarsa ko ɗansa ke bukata ba za a ce ya je ya nemo madadi ba, wannan adalci ne kawai. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ranar masu ba da jini ce ta duniya. Me zai hana a ranar hakimi ko sarki ya kira mutum goma da suka fi bayarwa a ƙasarsa ya yi musu hannu a gaban jama'a? Mun san darajar wannan a wurinmu. Mutum zai rataye hoton a shagonsa har ya tsufa.

Haka 'yan agaji, na ƙungiyoyin addini da na Red Cross, masu tura keken marasa lafiya, masu wanke gawar da ba ta da kowa. Haka matan da ke dafo abinci su kai wa majinyatan da suka zo daga ƙauye kuɗinsu ya ƙare. Kowane asibiti ya san su da fuska. Kaɗan ne suka san su a takarda.

Masu ba da jikinsu a yi bincike

A nan ne bashinmu ya fi nauyi, kuma a nan ne aka fi yin shiru.

Kowane magani da ke kan kanta, sai da wasu suka yarda aka gwada a jikinsu. Mutanen Kano sun san mummunar fuskar wannan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, ba maganin ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya nan ba. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

A garin da ke da wannan tarihi, ka yi tunanin uwar da likita zai zaunar ya ce mata, "Hajiya, muna wani bincike, muna so ɗanki ya shiga," ta saurara, ta yi shawara da maigida, ta dawo ta sa hannu. An samu irin waɗannan iyaye. A wani bincike da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, iyayen yara 220 masu sikila sun yarda aka bi 'ya'yansu shekara da shekaru, ana ba su maganin hydroxyurea, ana ɗibar jini, ana auna gudun jini a jijiyoyin kansu. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ma yana kare yaro daga shanyewar ɓarin jiki. Ga ƙasar da ake haifar yara masu sikila kusan 150,000 duk shekara, kuma mafi yawan iyaye ba za su iya ƙarin jini duk wata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro a Gana ko Uganda zai amfana da haƙurin wata uwa da ta riƙa hawa adaidaita sahu tana kai ɗanta asibiti ranar da aka sa mata.

Sunayen likitocin suna kan takardar binciken, kuma sun cancanta. Sunayen yaran ba za a buga ba, domin sirrin marar lafiya ne, wannan daidai ne. Amma tsare sirri bai hana a tara iyayen a gaya musu da Hausa abin da aka gano ba, a ce musu ga abin da haƙurinku ya haifar. Bai hana a tabbatar yaran sun ci gaba da samun maganin bayan an naɗe tabarmar bincike ba. A ganina duk binciken da za a yi a garuruwanmu, a rubuta wannan cikin sharuɗɗansa tun kafin a ɗebi jinin kowa.

Haka binciken nan na zubar jini bayan haihuwa da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Dabarar ba ta da wuya: a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace, in ya kai wani awo a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Mujallar Time ta sa Farfesa cikin mutum ɗari masu tasiri a harkar lafiya a 2024, mun yi murna. Amma ungozomomin da suka yi ta duba ma'aunin nan da tsakar dare suna rubutawa, haihuwa bayan haihuwa, su ma akwai hannunsu a cikin wannan kashi 60.

Sai kuma waɗanda suka ba da rai ɗungurungum. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan allurar shan inna tara a wurare biyu a birnin Kano, akasarinsu mata masu bi gida-gida don ɗan alawus. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, aka yi jawabai, aka gode wa manyan gidauniyoyi na duniya. Kai mai karatu, kawo sunan mutum ɗaya cikin taran nan.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba duk kyauta ce ta cancanci allo ba, wannan na yarda.

Akwai mai zuwa wanke suna. A Amurka iyalan Sackler sun yi shekaru suna zuba kuɗi a jami'o'i da makarantun likitanci, sunansu a kan gine-gine, alhali kamfaninsu ne ke tura OxyContin, maganin kashe raɗaɗi dangin su tiramol, wanda ya jefa ɗimbin mutane cikin jaraba da mutuwa. A ƙarshen 2019 Jami'ar Tufts ta sa aka ciccire sunan daga bangonta. Asibiti na da haƙƙin tambayar inda kuɗi suka fito kafin ya manna sunan mutum a goshinsa, kuma yana da haƙƙin cirewa in gaskiya ta bayyana daga baya.

Akwai kuma cutar da ta fi damunmu a nan, wato godiya kafin a ga kaya. Mun sha ganin taron gidauniya: babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya ce miliyan kaza, a yi tafi, maroƙa su wasa shi, rediyo ta ɗauka da yamma. Bayan wata shida 'yan kwamiti na zarya a ƙofar gidansa, maigadi na cewa Alhaji ya yi tafiya. Ya riga ya karɓi tukuicinsa, me zai sa ya yi gaggawa? Yaba kyauta tukuici, amma ai sai kyautar ta iso hannu. A daina karanta alƙawari a lasifika, a riƙa karanta abin da ya shigo. In injin da aka yanka wa kyalle ya kwana biyu a kwali don babu wanda ya biya kuɗin haɗawa, a jinkirta allon har ranar da ya yi wa marar lafiya na farko aiki.

Ɗan siyasar da ya gyara ɗakin haihuwa da kuɗin mazaɓa kuwa, ba kyauta ya yi ba. Kuɗinmu ne ya dawo mana da su. A ce masa ya yi aikinsa, madalla, amma kada a haɗa shi layi ɗaya da wanda ya ciro daga aljihunsa.

Wasu na cewa yawan yabon masu taimako na sa gwamnati ta miƙe ƙafa. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Najeriya, mai masaukin baƙin, har yau tana yawo a wajen kashi biyar, kuma fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a jinya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Wannan abin faɗa ne, a yi ta faɗa. Sai dai ban ga yadda hana mai shayi godiya zai ƙara ko sisi a kasafin ba. Hasali ma asibitin da ke lissafa wa jama'a cewa wane ya ba da gado ashirin, wance ta biya wa mutum goma kuɗin tiyata, ya nuna wa kowa girman ramin da gwamnati ta bari.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba. Kada fuskar marar lafiya ta zama kuɗin godiya. Mun gaji da ganin hoton tsohuwa a kan gado, zani ya zame, an dafa mata ambulan a ƙirji ana murmushi wa kyamara, gobe a ga hoton a Facebook. Ba ta da bakin cewa a'a, domin tana bukatar abin da ke cikin ambulan ɗin. Wannan shi ne gori da cutarwar da aya ta 264 ta Baƙara ta ce suna ɓata sadaka. A ɗauki mai kyauta hoto da shugaban asibiti, da injin, da ginin, har da maigadi in yana so. A bar wadda ke kwance ta ji da ciwonta.

Bayan suna na nemi lambar da ta kira ni a daren nan, na bi kwatance har teburin mai shayin, a bakin wata tasha. Ya gane ni tun daga nesa. "Malam, yaya mai jego? Yaya jaririya?" Na ce duk lafiya, suna gaishe shi. Na tambaye shi ko daga asibitin an neme shi, ya ce a'a, amma ai sun rubuta wani abu a littafi. Wannan ne karo na huɗu da ya bayar, duk ta hanyar saƙon waya daga mutanen da bai sani ba.

Na ce masa zan yi rubutu a kan abin da ya faru, ko in sa sunansa? Ya tsaya yana fifita wuta, ya ɗan yi tunani, ya ce, "Bar shi dai, Malam. Amma ka ba su lambata su ajiye, in an rasa a kira ni." Ya haɗa mini mai kauri da burodi. Kuɗin shayin kam sai da ya karɓa cif.